Bauchin Yakubu: Tambayoyin da Baƙi da 'Ya'yan Gari Suka Fi Yi

Masu yi mana waɗannan tambayoyi kala-kala ne. Akwai ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai ɗan bautar ƙasa da ya fito daga sansanin Wailo bai san gabas ba bai san yamma ba, akwai amaryar da aka kawo daga wani gari, sannan akwai 'ya'yanmu da aka haifa a Legas ko Abuja, waɗanda suka san Bauchi a bakin iyayensu kawai. Mun tara tambayoyin wuri guda, ga amsoshinsu.

In an ce "cikin gari" a Bauchi, ina ake nufi?

Ana nufin tsohon birni, abin da ganuwa ta kewaye a da. Ganuwar kanta ta zaizaye, gidaje sun cinye mafi yawanta, amma sunayen ƙofofin na nan daram a bakin jama'a: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Wambai, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Jahun, Ƙofar Dumi, Ƙofar Tirwun, Ƙofar Inkil, Ƙofar Wase, Ƙofar Idi. Da su ake kwatance har gobe. In ka tari mai Keke Napep ka ce masa Ƙofar Ran, ba zai tambaye ka komai ba. A tsakiya fadar Mai Martaba take, ga babban masallacin Juma'a kusa da ita, unguwanni irin su Jahun, Nassarawa, Kobi da Ilelah sun zagaye. Su Yelwa, Gwallameji, Fadaman Mada, Gida Dubu da Wuntin Daɗa duk bayan gari ne a idon tsoho, ko da kuwa yau sun fi tsohon birnin yawan jama'a da hayaniya.

Wa ya kafa garin?

Malam Yakubu ɗan Dadi, Bageri, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya yi karatu a wurin Shehu, ya karɓo tuta, ya fara zama a Inkil, sannan wajen 1809 ya kafa birnin a inda yake yanzu ya kewaye shi da ganuwa. Ya yi sarauta har rasuwarsa a 1845. Ana yawan ambaton cewa a cikin manyan masu tutar Shehu shi ne wanda ba Bafulatani ba, kuma wannan na da nasaba da yadda garin ya tashi a cakuɗe tun farko. Labarin baka ya ce wani maharbi mai suna Baushe ne ya nuna masa wurin, aka sa wa garin sunansa. Turawa sun shigo a 1902 suka tuɓe Sarki Umaru. Garin ya zama babban birnin jiha a 1976, kuma Gombe ta fita daga cikinta a 1996. Sarkin yanzu, Alhaji Rilwanu Sulaiman Adamu, ya hau gadon a 2010 bayan rasuwar mahaifinsa Alhaji Sulaiman Adamu, wanda shi kuma ya gaji Alhaji Adamu Jumba a 1982.

Kowa sai ya ce masar Bauchi, masar Bauchi. Wai me ya raba ta da ta sauran garuruwa?

Haƙuri, da shinkafar da ta dace. Ba da kowace shinkafa ake yin ta ba, sai shinkafar tuwo, farar nan ta gida da ba a turara ba. Mai masa kan jiƙa ta tun da rana, ta ɗebi wani kaso kaɗan ta dafa shi ya yi luguf, ta haɗa da jiƙaƙƙiyar, a kai inji a markaɗo da albasa. Sai ta sa yis, ta rufe ƙullun ta bar shi ya kwana. Wannan kwanan shi ne rabin aikin. Ƙullun da bai tashi ba zai ba ka masa mai nauyi, daƙiƙiya, wanda ya wuce lokacinsa kuma tsami ne zai kashe shi. Da asuba za ta buɗe ta ga ya kumburo yana ƙananan ƙwayaye, ta buga shi sosai da ludayi, ta ɗiga ruwan kanwa don ya karya tsamin, ta sa gishiri da ɗan sukari. Ba ta awo da kofi, da ido da harshe take yi.

Sai tanda. Masu yi na gaske har yau tandar ƙasa suke so, wadda ta sha mai shekara da shekaru har gurabunta suka yi baƙi suna ƙyalli, don ita ba ta kama ƙullu kuma tana riƙe zafi daidai. A kan itace ko gawayi ake ɗora ta. Za ta bi gurabun da man gyaɗa, ta zuba ƙullu ludayi guda-guda, kafin ta cika na ƙarshe na farko ya fara yin ƙofofi a sama. Ta sa bakin cokali ta juya shi da saurin da ido ba ya bi. Masa mai kyau gefenta ja ne mai ɗan ƙurus-ƙurus, cikinta fari tas mai laushi, in ka ɓare ta ka ga ƙofofi tururi na fita, kuma in ka matse ta a hannu ba za ta tsiyayo maka mai ba. Tana da ɗan tsami da ɗan zaƙi, babu wanda ya danne wani.

Abin haɗi kuwa, nan ake rabuwa. Wasu sai miyar taushe, ta kabewa da alayyafo da ɗan yakuwa da gyaɗa, an jefa ƙashi mai ɓargo da daddawa. Wasu kuma dakakken ƙuli-ƙuli mai yaji da ɗigon man gyaɗa ya ishe su. Akwai masu romon kai ko na kayan ciki, akwai yara masu barbaɗa sukari. Ni dai a ganina wanda bai ci ta da taushe ba bai gama sanin ta ba, amma ban taɓa yin nasarar shawo kan 'yan ƙuli-ƙuli ba, kuma ba na sa rai.

To ina zan same ta?

Tambayar da ta fi wannan ita ce yaushe. Masa abincin safe ce a asali. Daga idar da sallar asuba zuwa hantsi, lungunan Jahun, Nassarawa da Kobi ba sa rasa gidan da hayaƙi ke tashi daga zaurensa ko ƙofarsa, yara sun yi layi da kwanuka. Mafi daɗinta sau da yawa ba ta da allon sanarwa. Gida ne kawai da unguwa ta sani, ana kiransa da sunan uwar gidan. Ka tambayi mai shago ko mai shayin unguwa, ka ce, "Malam, don Allah ina ake masa mai kyau a nan?" Zai haɗa ka da yaro ya raka ka. In ka isa ka yi sallama, ka ce, "Hajiya, ina kwana, a ba ni ta kaza," ka nemi benci ka jira layinka. Kada ka yi gaggawa, kada kuma ka karɓi wadda ta huce a kwando alhali ga ta tana sauka daga wuta.

Wanda ya makara bai yi asara ba. Kewayen kasuwar Wunti da tashoshin mota akwai masu suya har dare saboda matafiya, haka nan Yelwa da Gwallameji inda ɗalibai suke. Yanzu ma akwai shagunan masa masu kujeru da fanka da ake zuba ta a roba mai murfi, wasu har aika ta suke yi in ka kira a waya. Ba laifi, da yawansu sun iya. Sai dai farashinsu ba na lungu ba ne.

Zan iya yin tsarabarta zuwa Kano ko Abuja?

Ana yi kullum. Ka bari ta sha iska kafin a rufe, domin in aka ɗaure ta da zafi a leda za ta yi gumi ta yi laɓe-laɓe kafin ka kai Jos. Miya a zuba ta daban a abin da ba ya yoyo, in tafiyar mai nisa ce kuma ka haƙura da miya ka ɗauki ƙuli-ƙuli. In ka isa a ɗumama ta a kasko ko a turara. Kwana ɗaya take yi da mutuncinta.

Ban da masa fa, me ake ci?

Da yamma garin na masu nama ne. Bayan magariba za ka ga tukubar tsire da balangu a bakin manyan tituna, ga kilishi ga mai son tsaraba mai daɗewa. Mai shayi na gefe da tulin burodi da kiret ɗin ƙwai, kuma teburinsa ne majalisar da ake yanke hukunci kan siyasa da ƙwallo. Kunun gyaɗa na nan yankin abin a sha ne a yi santi, mai kauri, da shinkafa a ciki da ɗan tsamin tsamiya ko lemon tsami, shi ake kai wa mai jego da mara lafiya, shi ake buɗa baki da shi. Akwai fura da kindirmo daga matan Fulani masu shigowa da ƙwarya daga rugage. Daga kudancin jihar kuma, wajen Dass, Tafawa Ɓalewa da Bogoro, aka san mu da acca, ana tuwonta ana gwatenta da ganye. Baƙo daga Kano ko Katsina kan yi wa gwate kallon raini a karon farko, a karo na biyu shi ke neman ƙari. Gidan biki kuwa ba ya cika sai da alkaki, nakiya da dubulan a cikin garar amarya.

Wace kasuwa zan shiga?

Ya danganta da abin da kake nema. Muda Lawal ta kayan gwari ce da 'ya'yan itace da kayan miya, can motoci ke sauke tumatir, kankana, lemo da doya, kuma da sassafe ake samun sauƙi. Wunti ta kayan yau da kullum ce, atamfa, takalma, kayan kicin da na masarufi. Babbar kasuwa ta cikin gari ita ce ta tsofaffin 'yan kasuwa, ta yadi da kayan aure da kayan ƙamshi. Wanda ya daɗe bai zo ba zai iya ɓata a Wunti, don aikin gadar sama ya sauya fuskar wurin gaba ɗaya. Ko'ina ka shiga, taya ciniki ba abin kunya ba ne, amma ka fara da gaisuwa.

Yaya Sallah take a Bauchi? Ya cancanci in taso takanas?

Ya cancanta. Ranar Idi da safe Mai Martaba kan fito zuwa filin Idi, bayan an sauko ya komo fada bisa doki cikin laima, 'yan bindiga na sakin harbi, kakaki da algaita da tambura na tashi, dogarai cikin jajayen riguna suna buɗa hanya. Sai hawan Daushe, wanda shi ne abin kallon sosai. Hakimai kan shigo daga ƙasashensu kowa da tawagarsa, kowace tawaga da irin adonta da makaɗanta, ga 'yan lifida, ga 'yan sulke, ga yara ƙanana an naɗa musu rawani ya fi kansu girma an ɗora su a kan doki. A ƙofar fada mahaya kan sako dawaki a guje su ja linzami gaban Sarki, su ɗaga hannu su yi jinjina, ƙura ta turnuƙe, mata su rangaɗa guɗa. A cikin kwanakin ne kuma Sarki kan kai gaisuwa gidan gwamnati.

Abin da ya bambanta hawan nan da na wasu masarautu shi ne ba dawaki kaɗai ake kallo ba. Ƙasar Bauchi ƙasar ƙabilu ce, don haka a bayan hakimi sai ka ga maharba da kayan layunsu, ga masu rawar gargajiya daga ƙauyuka da kiɗan da ba na Hausa ba. In za ka je, ka fita da wuri ka kama wuri mai inuwa, ka riƙe hannun yaranka gam, kuma kada ka tsaya a bakin hanyar sukuwa don ɗaukar hoto. Doki a guje bai san mai waya ba. Ka kuma saurari sanarwar fada kafin ka taso, don akan samu shekarar da ake dakatar da hawa.

Har yanzu ana tashe da azumi?

Ana yi, amma ya ja baya. A da daga goma ga wata yara kan cika lunguna bayan an sha ruwa, maza da gemun auduga da tsummokara, mata da ƙwarya a ruwa suna kiɗa, gida-gida ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Gwauro kuwa ya shiga uku a watan. Yanzu talabijin da waya sun ɗauke rabin yaran, tsoron dare ya sa iyaye sun tsare sauran. Abin da bai canza ba shi ne kwanukan kunu da ƙosai da ke yawo tsakanin maƙwabta gab da magariba, da cikar masallatai wajen tafsiri, daga na fada har na Gwallaga. Ga wanda ya tashi a nan, muryar marigayi Shehu Ɗahiru Usman Bauchi daga rediyo da daddare, alaramma na ja yana fassarawa, tana cikin abin da ke nuna azumi ya kama.

Kabarin Tafawa Ɓalewa, akwai abin gani ne ko kabari ne kawai?

Akwai, kuma abin takaici ne yadda 'yan gari da yawa suke wucewa ta gabansa kullum ba su taɓa leƙawa ba. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, an kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, aka kawo gawarsa Bauchi aka binne. Ginin da aka yi a kan kabarin an buɗe shi a 1979, yana wajen Ƙofar Ran. Za ka shiga ta wani dogon lungu mai duhu, kana hawa a hankali, haske na ɗan tsiyayowa ta wasu kafofi, har ka ɓullo fili mai dogayen bango wanda ba shi da rufi, sama a buɗe. Masu rakiya kan bayyana cewa duhun zamanin mulkin mallaka ne, hasken kuma 'yanci. Kabarin kansa ba ado, ba ƙawa. A gefe akwai ɗakin da aka ajiye wasu kayansa da hotuna. Mutumin da ya riƙe ƙasa baki ɗaya, in ka ga abin da ya bari sai jikinka ya yi sanyi. A garin nan ya yi aikin malanta kafin siyasa, a makarantar Midil, inda Malam Aminu Kano ma ya koyar a shekarun 1940, lokacin da su da Malam Sa'adu Zungur suke zaman muhawara kan makomar Arewa.

Mai sha'awar ginin gargajiya ya nemi izini ya ga soron Babban Gwani a fada, ko ya ƙarasa Kafin Madaki a kan hanyar Ningi ya ga gidan Madaki. Dukansu ana danganta su da Muhammadu Durugu, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya.

Yankari fa?

Ba a cikin gari take ba, tana ƙaramar hukumar Alkaleri, tafiyar sama da kilomita 100. Za ka bi hanyar Gombe, a Dindima ka karya. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Ruwan Wikki ɗumi gare shi rani da damina, wajen digiri 31, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa. Giwa sai da rani aka fi dacewa da ita, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Ka rufe mota da ɗaki, kada ka riƙe leda a hannu, gwaggon biran wurin ba su da kunya ko kaɗan.

Iyayenmu kullum suna zancen "Bauchin da". Me aka rasa ne haka?

Wani ɓangaren ƙuruciyarsu suke kewa, wannan ba mai dawo musu da ita. Amma wani ɓangaren gaskiya ne mai zafi. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, layin ya kai Maiduguri a 1964, kuma unguwar Railway da kasuwarta a kansa suka rayu. In jirgi ya yi kuka, masu talla, 'yan dako da masu tarbar baƙi duk sai su nufi tasha. Yau ciyawa ce a kan layin. Kamfanin Steyr, wanda aka kafa da haɗin gwiwar mutanen Ostiriya a shekarun 1970, a da yana harhaɗa taraktoci da manyan motoci a nan garin. A lokacin ga kamfanin nama da ke sarrafa shanu. In aka tashi daga aiki sai titi ya cika da ma'aikata a kan kekuna da babura, ƙarshen wata kuma mai masa, tela da mai nama duk su san an yi albashi. Durƙushewar waɗannan ita ta mai da garin na ma'aikatan gwamnati da ɗalibai, inda kasuwa ke jiran a biya albashin jiha kafin ta motsa. In dattijo ya ce da an fi jin daɗi, yawanci wannan yake nufi, ba wai masar da ta fi ta yau ba.

Sai ƙwallo. A 1998 Wikki Tourists ta ci kofin ƙalubale na ƙasa bayan ta doke maƙwabciyarta Plateau United, kuma wanda ya ga daren nan a Bauchi ba ya mantawa. Shekara guda bayan haka filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya ta 1999, ya sake karɓar ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Otal ɗin Zaranda a lokacin shi ne dogon ginin da yaran ƙauye ke roƙon a kai su su gani in an shigo birni.

Na ji Hausar mutanen Bauchi daban take. Haka ne?

Haka ne, kuma ba ma jin kunyarta. Za ka ji an ce "motan Audu", "rigan Binta", inda Bakano zai ce "motar" da "rigar". Bakano zai yi dariya, mu ma mu yi masa dariyar tasa. Dalili a fili yake: gari ne da Gerawa, Jarawa, Sayawa, Fulani, Bolawa, Barebari, Warjawa da wasu da dama suka haɗu, Hausa ta zama abin da ya haɗa su a kasuwa da masallaci da makaranta. Gida ɗaya sai ka tarar kaka na jin Geranci, uwa na jin Fulatanci, jikoki kuma Hausa kaɗai suka iya. Wannan na ƙarshen ne abin damuwa, domin harsuna irin su Geranci masu jin su sosai sai raguwa suke yi. In ka nufi arewacin jihar, ƙasar Katagum, nan kuma wata Hausar ce, Guddiranci.

Wane lokaci ya fi dacewa in zo, kuma kwana nawa zai ishe ni?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu an fi sakewa, sai dai ka zo da rigar sanyi da man shafawa saboda hunturu. Maris da Afrilu zafi ne mai sa mutum ya nemi gindin bishiya tun hantsi, amma lokacin mangwaro ne. Da damina duwatsun da suka kewaye garin kan yi kore shar, hanyar Jos ta wajen Zaranda da Nabordo ta zama abin kallo. Mai zuwa ta sama zai sauka a filin jirgin da ke Durum, mai zuwa ta ƙasa kuma ga motocin Yankari Express da na tasha daga Jos, Kano, Gombe da Abuja. Kwana uku ya isa: ɗaya na cikin gari a ƙafa, daga fada zuwa Ƙofar Ran, ɗaya na Yankari, ɗaya na kasuwa da ziyarar dangi. In kana da 'yan'uwa a garin kada ka sauka a otal ba ka sanar da su ba, za a ji, kuma gwaggonka ba za ta karɓi uzuri ba.